Ranar da Bindigar Baba Arzika Ta Zubo Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Hauwa ba. In ma na so in manta, mutanen Argungu ba za su bar ni ba.

Dogon hutun damina ne, na gama aji uku na ƙaramar sakandare. Yayata Hauwa tana aure a Argungu, cikinta na fari ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. An shirya can za ta haihu, sai bayan suna a kawo ta gidanmu a unguwar Gesse cikin Birni ta yi wankan jego. Umma ta ce in je in riƙa kama mata aiki kafin lokacin. A bakin mota ta riƙe kunnena ta ce, "Ki sa ido ga 'yar'uwarki. Kuma gidan mutane na, ki kama bakinki." (Duka biyun na yi. Da ta san yadda zan yi su, da ta bar ni gida ina wanke-wanke.)

Gidan surukan Yaya babban gida ne na ƙasa a ƙarshen unguwa, daga bayan katanga sai fadama, ruwa da shinkafa iyakar ganinka. Mijinta, Yaya Bello, tun da sassafe yake fita gona. Uwar mijin, Inna Kulu, mace ce mai fara'a, ba ta iya wuce ka ba ta tsokane ka ba. Da a ce su kaɗai ne a gidan, da yau ba ni da labari.

Amma akwai Baba Arzika, uban mijin, tsohon maharbi. Ɗakinsa yana can kusurwa, ƙarƙashin tsamiya, an kewaye ƙofar da zana. A jikin bangon an jera ƙahonni da suka yi fari don daɗewa. Idonsa ɗaya ya yi fari shi ma, ba ka sanin da wanne yake kallonka. Yana da wani tsohon kare mai yagaggen kunne wanda ban taɓa jin haushinsa ba, sai dai ya bi ka da ido. Baba ba ya tafiya da ƙara. Kana tsakar gida kana shara, sai kawai ka ga inuwa ta faɗo kan tsintsiyarka.

Wata safiya ya dawo daga fadama, wandonsa jiƙe har gwiwa, da kirinjijiya a hannu, irin agwagin nan na ruwa masu fito in suna tashi. Ya ajiye gaban Inna Kulu ya ce, "A dahwa ma Hauwa. Ita ɗai." Aka yi farfesu, na kai mata ɗaki, ta ci, na ɗauko kwanon zan wanke. Ina karkata shi sai na ji wani abu ya gangara a ƙasan kwanon, ƙir-ƙir-ƙir. Na duba. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu ruwan toka, kamar ƙwayar dawa, amma da nauyin da bai dace da girmansu ba. Na danna ɗaya da farce, farcen ya bar shaida a jikinta. Ba tsakuwa ba ce, ba ƙashi ba ne, ba kuma kayan yaji ba.

A ajinmu akwai wata yarinya, Asma'u, wadda ba ta rasa labarin tsoro. Ta taɓa ba mu labarin gwaggonta da aka yi wa jifa, ƙafafunta suka kumbura, ciwon kai ya hana ta sakat, har sai da wani malami ya tsaga ƙaurinta ya fito da allurai da wasu ƙwayoyi masu nauyi. Ranar da ta faɗa dariya na yi a raina. Amma yanzu ga ni tsugune a gindin randa, ga ƙwayoyi masu nauyi a tafin hannuna, ga muryar Yaya daga ɗaki tana cewa, "Wayyo kaina, ɗauko mini ruwa." Na ƙulle su a gefen hijabina, ban gaya wa kowa ba.

Duk lokacin da Baba ya kawo nama, sai na same su a kwano. Ƙullin hijabina ya fara nauyi, yana bugun cinyata in ina tafiya.

Abin da ya gama rikita ni da tsakar rana ya faru, bayan azahar, lokacin da gida ya yi tsit kowa ya kwanta, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Ina zaune a ƙofar ɗakin Yaya sai na fara jin wani sauti daga wajen tsamiya. Tsss. Shiru. Tsss. Kamar wani ƙaramin abu ne ake kashewa ɗaya bayan ɗaya. Na lallaɓa na sa ido a hujin zana.

Baba na tsugune gaban garwashi, ba riga. Ya ɗora wani baƙin gwangwani a wuta, abin da ke ciki ya narke yana sheƙi kamar madubi. Yana ɗiga shi cikin kwano mai ruwa, kowane ɗigo ya faɗa sai ya yi wannan kukan. Leɓɓansa na motsi. Da ya gama ya tsame su ya zuba a faifai, yana karkata faifan a hankali, masu gangarawa ya tara gefe, marasa gangarawa ya mayar wuta. Ga 'yan jakunkunan fata a gabansa. Ƙananan, irin na hijabina, ya zuba a ɗaya. Daga wata ya zazzago waɗanda suka kai ƙwayar wake, ya dudduba ya mayar. Daga ta ƙarshe kuwa abu ɗaya tak ya fito, dunƙule, ya kai kan babban yatsa. Ya murza shi a tafi, ya ɗaga shi saitin idonsa mai gani, kuma wallahi saitin ɗakin Yaya ya ɗaga shi.

Ni da kaina na yi lissafin, ba wanda ya taya ni: ƙananan na jinjirin da ke ciki ne, matsakaitan na uwar, babban kuwa na gamawa.

Sai karen ya ɗaga kai ya dubi zanar. Baba bai waiwayo ba, ya ce, "Ɗiyar Birni, rana ta yi zahi. Koma inuwa."

Ban san yadda na isa ɗaki ba. (Daga baya na gane zanar ba ta kai ƙasa ba, silifas ɗina kuma ja ne. Amma a lokacin na tabbata tsohon da ƙeya yake gani.)

Kwana kaɗan bayan haka Inna Kulu ta aike ni in kai masa fura. Na durƙusa na miƙa, idona ya sauka a wuyansa. A ƙarƙashin fatar, daga wuya zuwa kafaɗa, akwai 'yan ƙulluttai a warwatse, daidai girman ƙwayoyin. Yana shan furar yana wasa da ɗaya da yatsa, tana matsawa nan, tana komawa can, a cikin naman jikinsa. Na ce a raina, to, ashe a jikinsa ma yake kiwonsu.

Na so in gaya wa Yaya. Na ma fara.

"Yaya, naman ga da Baba ka kawowa..."

"Mi yas samu naman?"

"Ba komi."

Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mai tsohon ciki surukinta na neman ranta, a gidansa, ina cin tuwonsa? Sai na ɗauki matakina ni kaɗai. Kullum in karanta Falaƙi da Nasi in tofa a ruwan shanta. Naman kuwa na fara cinye rabinsa kafin ya kai gare ta, wai don mu raba sharrin biyu. Yaya ta kama ni da cinyar kirinjijiya a baki a bayan ƙofa, ta ce, "Ke kam kwaɗayi zai kashe ki. Aiki kika zo taya ni ko ci?" Na haɗiye ina hawaye, ina jin kaina wata shahidiya. (Naman da daɗi, wannan kam ba zan yi ƙarya ba.)

Yaya ta haihu lafiya a asibiti, namiji. Kowa na cewa Allah ya kawo sauƙi, ni kuma ina ganin tofina ne ya yi aiki. Sai dai bayan an dawo gida zazzaɓi ya riƙa taso mata da yamma, ni kuwa na san babban dunƙulen nan yana nan cikin jakarsa.

Ana gobe suna, bayan la'asar, gida cike da hayaƙin girki, na ga Baba ya fito da wata doguwar bindigar toka da ban taɓa gani ba, an ɗaɗɗaure gindinta da fata da layu. Ya zauna a turmi, jakunkunan nan a gefensa, ya ɗebo baƙin gari daga cikin wani ƙaho ya ɗura a bakinta. Daidai nan Inna Kulu ta ƙwala mini kira in kawo rariya. Da na dawo yana danna wani abu da doguwar sandar ƙarfe, dum, dum, dum, sautin na fitowa kamar daga cikin rijiya. Jakar babban dunƙulen kuwa a buɗe take, sai da ya gama ya ɗaure bakinta. Ya toshe bakin bindigar da tsumma, ya jingine ta a cikin ɗakinsa, ya ce wa Yaya Bello, "Gobe in an raɗa suna, bakin ɗakinta za ni tsayawa."

Yaya Bello ya ce, "To, Baba." Har da murmushi.

A Gesse in ana suna rumfa ake kafawa, a jera kujerun roba, a raba shinkafa da lemo. Ban taɓa ganin sunan da bindiga ta shiga ciki ba, ba kuma wanda ya ga dalilin yi mini bayani, don kowa a gidan ya san abin tun yana goye.

Da aka kira magariba maza suka tafi masallaci, mata na can wajen murhu. Gari ya yi wannan jan na almuru, jemagu sun fara fita daga tsamiya. Na cika kofi da ruwa, na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa, na tofa. Na ɗaga zanar na shiga. Ɗakin na warin fata da hayaƙi. Karen na kwance a bakin ƙofa, bai motsa ba, idanunsa kawai suka bi ni. Bindigar ta kusa kai tsayina. Na yi ɗage na zare tsumman, na kafa kofin a bakinta. Ta sha ruwan, ƙut, ƙut, ƙut, kamar dama ƙishi take ji. Na mayar da tsumman yadda na same shi, na fito zuciyata fes. Na ceci Yaya.

Da safe aka raɗa suna a ƙofar gida, yaro ya ci suna Umaru. Umma ta iso daga Birni da 'yan'uwanta, tsakar gida ta cika da mata. Sai ga maharba sun shigo a jere, abokan Baba, da rigunan da layu suka rufe, wasu da huluna masu gashin dabba. Baba na gaba da bindigarsa a kafaɗa, ya cire tsumman. Ya tsaya a bakin ɗakin Yaya. Ita kuma ta leƙo da jinjirin a hannu, Inna Kulu ta toshe wa yaron kunne da tafinta.

Ya ɗaga bindigar sama. Can sama, inda ba kowa sai gajimare. Na dubi matan, kowa ta sa yatsu a kunne tana dariya. Yara na tsalle suna "Za a buga! Za a buga!" A nan ne zuciyata ta fara gaya mini wata magana da ban so ji ba.

Ƙyas.

Shiru. Wata mata da ta fara guɗa ta haɗiye sauran. Baba ya sauke, ya gyara wani abu a wajen kunamar, ya sake ɗagawa.

Ƙyas.

Ya juyo da bakin bindigar ƙasa don ya duba. Sai ga baƙin ruwa yana fitowa, ɗis, ɗis, sannan ya tsiyayo siriri, ya yi 'yar tafki a kan rairayi daidai dokin ƙofar Yaya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ko ni 'yar Birni na san abin da ake faɗa: in bindiga ta zubo ruwa maimakon wuta, to akwai wanda ya ɗaure ta, kuma mai wannan ƙarfin yana kusa. Maharban nan, manyan mutane masu shiga daji su kaɗai, suka ja da baya, kowa ya dafe layar ƙirjinsa. Wani tsoho a cikinsu ya ce ƙasa-ƙasa, "Arzika, bindigag ga tun ta ubanka ba ta taɓa ƙin tashi ba." Karen, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya zaɓi wannan lokacin ya yi wani dogon kuka.

Sai Gwaggo Tumba, ƙanwar Baba, wadda ta zo suna daga ƙauye, ta tafa hannu.

"Ai ni na sani! Bakin ɗakin wa tay yi ruwa? Ku duba da kyau, bakin ɗakin wa? Mu gidanmu ba mu san wanga abu ba sai da anka kawo muna ɗiyar Birni. Mi ta shigo muna da shi? Mi uwayenta sunka ɗaura mata?"

Umma ta miƙe, gyalenta ya zame. "Hajiya, ki iya bakinki. Ɗiyata jego takai."

"To ta tai ta yi jegon can wurinku! In ta tai wankan, ta zamna. Ba mu zama da abin da ka kashe bindiga."

Wasu mata suka fara gyaɗa kai. Na dubi Yaya. Ta ƙanƙame jinjirin, tana duban Yaya Bello, shi kuma yana duban baƙin ruwan da ke ƙasa. Mota na jira a waje da za ta kai ta Gesse da yamma. Na gane in ta shiga motar nan da wannan maganar a kanta, ba lalle a sake aiko a ɗauke ta ba.

Ni da ko a aji in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale, na ji bakina ya buɗe. Abin da ya fito kamar kukan ɗan akuya.

"Ni ta."

Ba wanda ya ji. Sai da na sake. "Ni ta. Ni niz zuba."

Na zaci za a yi mini ca. Abin da ya faru ya fi haka muni: matan da ke kusa da ni suka dare, aka bar ni ni kaɗai a tsakiyar fili. Wata ta janye ɗanta. Wani maharbi mai gemu ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Wagga 'yar ƙaramar? La'ilaha illallahu." Wato ba su fahimci da kofi na zuba ba, sun ɗauka da asiri na ɗaure bindigar.

Dole na yi bayani. Gaban maharba, gaban surukan Yaya, gaban Umma. Na kwance gefen hijabina da haƙori, na zazzage ƙwayoyin a tafina, na faɗi komai: kwanon farfesu, gwaggon Asma'u, gwangwanin da ke kuka da tsakar rana, ƙananan na jinjiri, matsakaitan na uwa, babban na gamawa. Har wuyan Baba sai da na nuna da yatsa. (Allah ya sa ƙasa ta san ba ta kyauta mini ba da ta ƙi tsagewa ranar.)

Yaya ce ta fara magana. "Innalillahi! Ke! Waɗanga ai ni ka hidda su da bakina in aje cikin kwano! Dalma ta, ƙwayar bindiga! Kowa yac ci naman harbi ya san da ita. Don wanga kika cinye mini nama?"

Inna Kulu ta fara. Ta yi ƙoƙarin riƙewa da bakin zane, abin ya ƙwace mata, ta zauna daɓas a kan tabarma. Daga nan gidan ya ɗauka. Maharbin nan mai gemu har da dafa bango.

Baba Arzika kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ban tsoro. Ya ce a miƙo masa sandar ƙarfen. Ya zura ta a bakin bindigar ya murɗa, ya jawo wani jiƙaƙƙen tsumma, ya bubbuga, baƙin taɓo ya zubo a tafinsa. Ya miƙo mini tafin har kusa da hancina.

"Tona. Tona da yatsanki. Kin ga dalma?"

Na tona. "A'a, Baba."

"Ɗurin biki ke nan. Albarushi da tsumma, ƙara ɗai, don jikan maharbi shi ji muryar gidansu. Wa ka sa dalma cikin taron mata? Mahaukaci niƙe?"

Na ɗauka an gama. Ashe an fara. Ya sa aka ɗauko jakunkunan, ya zauna a turmi, ya ce in tsuguna a gabansa, taron suna kuma ya kewaye mu kamar ana wasan kura. Ya zuba ƙananan a hannuna. Ya ce waɗannan na tsuntsu ne, kirinjijiya da fakara da zabon daji. Da yawa ake ɗura su, in sun fita sai su watsu kamar an watsa wa kaji tsaba, don tsuntsu ba ya tsayawa a saita shi. Ba sa nisa, ba sa ɓata nama, amma sukan maƙale a ciki, shi ya sa mai ci yake taunawa a hankali. Dalmar ma ba daga wani kabari ta fito ba, ta tsohon birgin masunta ce, irin wadda ke sa ragar nitsewa, yake saye ya narka.

"Waɗanga kuma," ya zubo masu girman wake, "waɗanda kika ce na uwa. Na gada na. Kaɗan aka ɗurawa, amma suna shiga. In kin buga ma tsuntsu su, sai ki kwashe gashi, ba ki samun abin miya. In kin buga ma gada na tsuntsu, kin cuce ta banza, ta tai ta mutu inda ba ki gani."

"Babban hwa, Baba?" wani ya tambaya daga baya, don dai a ja abin. "Na gamawa?"

Baba ya aza mini dunƙulen a tafi, hannuna ya yi ƙasa. Ya ce wannan shi kaɗai yake tafiya, ba ya watsuwa, sai an saita. Na gyado ne, aladen dajin da ke shiga gona ya tone ta a dare ɗaya, wanda ƙananan in sun same shi sai dai su ƙara masa fushi. Ya ce rabon da ya ɗura shi tun kafin auren Bello, yana dai fito da shi ne ya goge.

Wani saurayin maharbi ya ga ba zai bari a gama ba shi ba. Ya zaro harsashin kanti daga aljihu, ja, mai gindin tagulla, ya girgiza mini a kunne in ji ƙwayoyin na motsi. Ya ce nasu na zamani a ɗure yake zuwa, ruwa ba ya cin sa da sauƙi, kuma da lamba a jiki: lamba na hawa, ƙwayar na ƙanƙancewa. "To Hajiya, wanga wace sura ka kashe shi? In sani in kiyaye."

Sannan Baba ya ja wuyan rigarsa ya taɓa ƙulluttan. Ya nuna tsohon nan da ya ce bindigar ba ta taɓa ƙin tashi ba. "Ga mai aikin nan tsaye. Muna samari, cikin ciyawar hwadama, yag ga motsi yaz zaci agwagwa ta." Tsohon ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "Ai ka yi kama da ita." Baba ya ce, "Na tsuntsu na, shi as sa nike zaune. Da na gada ya ɗura ran nan, da ba a yi Bello ba, balle a yi suna yau. Kin ga bambancin?"

Na ce na gani.

Ya juya wajen ƙanwarsa. "Tumba, kin ji abin da ɗiyar Birni ta shigo muna da shi. Ƙanwatta ta kawo muna, da kohin ruwa." Gwaggo Tumba ta ce ita dama ba da wata manufa ta faɗa ba, ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Baba ya dubi Umma ya ce, "Hajiya, ku tai da Hauwa ta yi wankanta. Ran da tag gama ni ka zuwa ɗaukarta da kaina. Wagga kuma ku bar dukanta. Ta tsare jikana daga gare ni, ina ga wani."

Aka ari bindigar wani, aka yi ɗurin biki a gabana, Baba ya sa na leƙa na shaida ba dalma. Ya ɗaga sama. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Jinjirin ko motsi bai yi ba. Ni, mai ɗaure bindiga, sai daga bayan gadon Yaya aka jawo ni, kofin shayin wata baƙuwa a kife a kan hijabina.

Da yamma muka kama hanyar gida, har muka wuce Ambursa. Can Umma ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Na ce ki kama bakinki, ban ce ki haɗiye shi ba."

Yaya ta yi arba'in, zazzaɓin ya tafi da maganin asibiti, Baba Arzika kuma ya cika alkawari. Ya zo Gesse cikin babbar riga, ya zauna a falonmu a takure kamar kujerar za ta cije shi, ya tafi da surukarsa da jikansa. Tana can har yau, Umaru har ya fara gudu.

Sai dai ba kowa ne ya yarda da zancen kofi ba. Wasu sun ce ruwa ai ruwa ne, amma ba kowane ruwa ke kashe bindigar gado ba, wai yarinyar ta san abin da ta karanta, kunya ce ta sa ta ɓoye. In na sauka a tashar Argungu 'yan kabu-kabu sukan taɓa juna. Watannin baya wani mutum ya yi sallama a ƙofarmu da jarka a hannu, ya ce shi ɗan sintiri ne daga wani ƙauye, an yi masa kwatancen gidan yarinyar da ke tofi, a taimaka ko rabi ne. Umma ta leƙo ɗaki ta ce, "Malama, ga almajirinki." Ina ƙarƙashin bargo har ya tafi.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga abin da ba ka gane ba a ƙasan kwano, ka tambayi mai kwanon tun kuna ku biyu a ɗaki. Kunyar tambaya ɗaya na guje wa, na ƙare ina amsa tambayoyi a gaban rabin Argungu, tsugune, da taɓon albarushi a yatsa.